Tiyon Birkin Ɗanbaba

Gangara, 9 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Na'Allah, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Inna Hadiza da duk mutanen gidanka, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Mu nan sai godiya. An yi ruwan shuka sau biyu, gero ya fara leƙo kai.

Na san kana juya takardar kana neman mai ita. Nasira ce, ɗiyar taubashinka direban Gangara. Rabonka da ni tun ina aji uku a lakol, wato makaranta, ga shi yanzu ni ke koyar da ajin ukun. An ce mini bugun ƙarfe ya cinye maka kunne, waya ba ta yi maka amfani, shi ya sa na ɗauki biro. Malam Rabi'u mai babbar mota, wanda ke kai wake wajenku, shi zai kawo maka.

Kawu, ba zan ɓoye maka ba, buƙata ce ta tuna mini da zumunci. Maganar Baba ce da tsohuwar Fijonsa, a-kori-kurar da kakanmu ya bar musu shi da yayansa Baffa Sale. Shekara talatin da shida yana tuƙa ta, ko kaza bai taɓa takawa ba. Bana sau biyu birki yana yanke masa. Na farko a hanyar Gazawa, ya sa ta cikin rairayi ta tsaya. Tijjani bakanike ya duba ya ce tiyon roba na baya ne ya tsinke, ya sayo wani a Maradi ya ɗaura. Na biyu wata biyu ke nan. Yana dawowa daga kasuwar Agiye ya shigo gari, ga mata cike a bakin famfo. Ya ce ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba. Sai ya karya kan mota ya daki katangar wani lambu. Katanga ta zube, san amalanke guda ya karye a ƙafa aka yanka shi. Allah ya tsare, ba a taɓa mutum ba.

Da aka leƙa ƙasa, tiyon nan ne dai ya sake tsinkewa. Amma mutane sun ce bugun katangar ne ya tsinke shi. Wai tsufa ne, wai totur ya taka yana zaton birki ne. Baffa ma ya faɗa masa haka a gaban jama'a, ya karɓe makulli ya jefa aljihu. Baba ya rantse birki ya taka, ba wanda ya gaskata shi sai ni, ni ma ba ni da hujja sai sanin halinsa.

Tun ranar ya daina fita wajen abokansa, daga masallaci sai zaure. Na roƙi Baffa har da hawaye, ya yarda a yi gyara ɗaya tak. Idan aka fara haƙar aya motar ba ta tashi lafiya ba, zai kira masu sayen ƙarfe su ɗora ta a sikeli. In haka ta faru, Baba zai ƙare kwanakinsa ana kallonsa maƙaryaci, abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Tijjani ya ce tiyon yanzu duk jabu ne, sai wajenku ake samun na asali. Don Allah ka samo mini wanda ya dace. In kana son tsawonsa a santimita, ina da ma'auni a aji.

Ɗiyarka,
Nasira

Kaduna, 22 ga Yuni

Ɗiyata Nasira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji lafiyarku mun gode Allah. Mu ma lafiya, ban da gwiwa da ke yi mini gardama in hadari ya taso. Kunne kam ya tafi. Amma ido na nan, kuma da ido ake gyaran birki.

Ashe bawan nawa Ɗanbaba yana da ɗiya mai hankali haka? Ban san inda ya samo ki ba. Ki gaya masa ubangidansa na gaishe shi, kuma na yarda da maganarsa. Ba don kirkinsa ba, don tsoronsa. Tun muna yara ko jaki ya ɗan yi sauri sai ya diro. Mai tsoron gudu irin nasa ƙafarsa ba ta ɓata hanyar birki.

Yanzu ki buɗe ido. Man birki ta hanya biyu yake bi. Akwai siririn bututun ƙarfe da ke manne a jikin mota, akwai kuma tiyon roba a inda ake motsi. A kankare bututun da wuƙa daga gaba har baya, duk inda tsatsa ta ci ki gaya mini. Kada ki yarda a sa miki jan ƙarfen firji a wurin, ko an ce ya fi sauƙin lanƙwasa, girgizar hanya tsaga shi take yi. Kada kuma a ɗaura tiyon fetur a naɗe shi da waya, ko da na kwana ɗaya ne. Araha ba ta ado, balle a birki.

Santimitarki kuwa ki bar wa 'yan aji. Ni da inci na tashi, in muka tsaya fassara sai mu kashe mutum. Ki samu zaren ɗinkin buhu, wanda ba ya miƙewa. Tijjani ya kama shi daga inda tiyon ke barin jikin mota zuwa inda yake shiga ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Ki ƙulla shi a kowane baki da hannunki. Ki aiko mini da zaren, da tsohon tiyon gunduwa biyun, don in ga irin kawunansa.

Kin ce buƙata ce ta tuna miki da zumunci. To ai amfaninsa ke nan. Ki gaida mahaifiyarki.

Kawunki,
Na'Allah

Gangara, 6 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa, kowa lafiya. Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwa sauƙi. Na karanta wa Baba takardarka a zaure. Da na zo wurin jakin nan sai da gefen bakinsa ya motsa. Sannan ya ce in maimaita inda ka ce ka yarda da shi.

Ga zare, ga tsohon tiyo a cikin leda. Ni da kaina na shiga ƙarƙashin motar tare da Tijjani, ban yarda da ƙullin kowa ba. Bututun ƙarfe mun kankare shi duka, fes yake, sai wuri ɗaya kusa da tankin mai da ya ɗan yi ja, shi ma a sama ne kawai.

Baffa ya ga zanena duk ƙasa ya ce malamar lakol ta koma gareji. Na ce masa na gode.

Nasira

Kaduna, 27 ga Yuli

Nasira,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkiri, zazzaɓi ne ya kwantar da ni mako guda, yanzu na miƙe.

Ga tiyonki. Sai da na zaga shago goma sha ɗaya kafin in samu wanda zuciyata ta kwanta da shi, a wajen wani tsoho da ya ajiye su tun zamanin da motocin nan ke yayi. Bai bushe ba, na lanƙwasa shi na duba ko'ina. Kuma ga abin daɗi. Na buɗe littafin motar na ɗora zarenki a kan awon da suka rubuta, ko ƙwayar gero ba ta shiga tsakani ba. Hannunki da na masu ƙera motar ɗaya ne.

Tsohon tiyon da kika aiko a wuya ya tsinke, dab da kan ƙarfen. Ina jin robar ce ba ta da kirki. A ɗaura wannan, a fitar da iska daga tayoyi huɗun, a zuba sabon man birki daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Ki ce wa matsoracin nan ya wanke hularsa.

Na'Allah

Gangara, 14 ga Agusta

Kawu na kaina,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Mu lafiya lau, gero ya yi bunni, ayar Baba ta rufe gona.

Ban san da bakin da zan gode maka ba. Shago goma sha ɗaya, da gwiwar nan, kana tashi daga ciwo! Saƙo ya iso shekaranjiya. Baba ya riƙe tiyon ya daɗe yana shafa shi, har ya shinshina. Tijjani ya ce bai taɓa riƙe irinsa ba. Yana da aikin wata mota a Gazawa, in ya gama nan da mako guda zai zo ya ɗaura. Baffa ya yarda zai ba da makulli na yini ɗaya a gwada.

Rigimar da ke gabana yanzu ta maƙwabta ce, za ka yi dariya. Ka san motar mai rumfar tampol ce, ba ta yoyo, gara kuma ba ta hawa taya. Tun ruwan farko da aka ga ta zauna, wannan ta kawo buhun geronta, wancan ya kawo wake, wani taki. Kafin a yi haka unguwa ta mai da ta rumbu. Jiya na ƙirga buhu goma sha huɗu. Na ce kowa ya zo ya kwashe nasa ranar gwaji, ana ta yi mini ƙunƙuni kamar ni na karɓi ajiyar.

Da Baba ya ji ina faɗa, sai ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun watan huɗu. Ya ce: "Bar su, sha huɗu mi ne? Tun da maƙerin Cadakori ya ƙara mata lam ukku-ukku bara da kaka, ashirin takan ɗauka ta tahi Agiye." Lam ɗin nan su ne faifayen ƙarfen da ke ɗauke da bayan mota, ban san me kuke ce musu ba. Ya ce ya ƙara su ne don lodin aya. Kawu, da ka ga fuskarsa yana yabon motar nan! Na shiga ɗaki na yi kukan daɗi.

Allah ya bar zumunci.

Ɗiyarka,
Nasira

Gangara, 29 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki muna da ita, sauran kuwa kai ka sani.

Ranar ashirin da ɗaya ga wata Tijjani ya ɗaura tiyo. Baba ya sa an wanke masa babbar riga, za a gwada washegari. Da la'asar Baffa ya zo da makulli a hannu, muna tsakar gida, sai ga saƙo a wayata daga lambar Inna Hadiza. Don murna ban tsaya dubawa ba, na karanta da ƙarfi a gaban kowa: "Kawunki ya ce kada Ɗanbaba ya kuskura ya tuƙa motar nan. Kada ma a tayar da ita. Takarda na tafe."

Baffa ya mai da makulli aljihu. Ya ce: "To kin jiya da kunnenki. Bakaniken da kika ɗauko ma ya san yayi ya wuce." Baba ya tashi ya shiga zaure, rigar tana nan a igiya har yau.

Na kira, Inna ta miƙa maka waya, ina tambayarka dalili kana ta ihu "Kada ya tuƙa! Kada ya tuƙa!" Inna ta ce ita ba ta san kan zancen mota ba. Yau kwana takwas, ba takarda ba labarinta.

In wani ne ya kai maka maganar tsufansa ka sauya ra'ayi, ai da ni za ka gaya wa a ɓoye. Kai ka ce ka yarda da shi, na karanta masa har sau biyu. Wasan taubasai daban, wannan daban. Raina ya ɓaci, Kawu, kuma gara in faɗa maka da in riƙe ka a ciki. Ɗawainiyar da ka yi ban manta da ita ba, amma da na san nan za ta ƙare da ban tayar da tsohon nan daga inda ya kwanta ba.

Nasira

Kaduna, 21 ga Agusta

Nasira,

Gaisuwa a gurguje, muna lafiya. Yanzun nan na sa Hadiza ta tura miki saƙo a waya, ga bayaninsa.

Takardarki ta sha huɗu ga wata yau ta shigo hannuna. Ina karantawa ina dariyar maƙwabtanki, sai na kai wurin buhu goma sha huɗu, dariya ta tsaya. Na kai wurin maƙerin Cadakori, sai na ajiye takardar. Na ɗauko tsohon tiyon na sake dubawa a rana. Nasira, ba ruɓewa ya yi ba, kuma ba bugu ne ya yanke shi ba. Zaren cikinsa duk a miƙe suke. Ja aka yi ta yi masa har ya rabu da wuyansa.

Ki bi ni a hankali. Lam ɗinku, mu sifirin muke ce masa. Da aka ƙara uku-uku, bayan motar ya ɗaga sama, ya yi nesa da ƙarfen tayoyi. Tiyon kuwa tsakanin su biyun yake. In an yi mata lodi sai ta zauna, tiyo ya samu sarari. In ba kaya sai ta miƙe, tiyo ya ɗame, kowane rami ya fizge shi. Ki tambayi mahaifinki, sau biyun nan da kaya yake ko wayam? Ke da kanki kin rubuta cewa daga kasuwa yake dawowa.

Ke kuma kin auna ta tana durƙushe da hatsin unguwa, shi ya sa zarenki ya yi daidai da littafi. Littafin bai yi ƙarya ba, motar ce ta daina zama wadda ya sani. Wanda na aiko miki mai kyau ne, amma gajere ne kamar na Tijjani, kuma ranar da ya tsinke ba lalle a samu katanga kusa ba. Laifina ne. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban tambaye ki me ke cikin motar ba. A nan birni mota in ta mutu kaji kawai ke shiga, na manta a gida ba a barin inuwa mai rufi ta zauna banza.

Ga abin yi. A sauke buhunan nan duka. A sa jak a jikin motar, ba a ƙarfen tayoyi ba, a ɗaga har tayoyin baya su bar ƙasa suna reto. A tokare ta da kututture kafin kowa ya shiga. Sannan ki sake aunawa da sabon zare. Ki kira Sale ya tsaya a wurin, gani ya kori ji.

Ki ce wa Ɗanbaba ya taka birki. Da na faɗa don na san shi, yanzu kuwa ga shaida a hannuna.

Na'Allah

Gangara, 5 ga Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ni kam kunya ce ke ɗawainiya da ni.

Takardarka kwana goma sha biyu ta yi a hanya. Ruwa ya cinye wata gada, Malam Rabi'u ya maƙale a can, ni kuma na ba wani direba tawa mai zafin, suka yi saɓani. In ta iso ka sa ta a murhu. Na zage ka a zuci kwana goma sha biyu, ashe ran mahaifina ka tsare. Ka yafe mini don Allah.

Na tambayi Baba, sau biyun duka wayam yake. Shekaranjiya muka sauke kaya. Matan unguwa da suka ji dalili ba wadda ta yi ƙunƙuni, kowa ta sa aka kai nata ƙarƙashin gado. Buhu na fita mota na tashi, tun kafin a sa kirik, jak ɗinku ke nan, tiyonka ya miƙe sambal. Tijjani ya fara ɗagawa. Tayoyi ba su ma bar ƙasa ba ya ce ba zai ƙara ba, sai an kwance shi, don ya ɗame kamar tsirkiyar baka.

Na ce kada a kwance sai Baffa ya gani. Ya tattara riga ya durƙusa, ya sa yatsa ya taɓa. Na karanta takardarka da ƙarfi, wannan karon na san abin da ke ciki. Mutane sun fi ashirin a ƙofar gida. Baffa ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi sai ya juya wajen Baba ya ce: "Na ce ka yi ƙarya gaban mutane. To ga ni gaban mutane, ban kyauta ba. Ka yahe mani." Baba ya ce: "Ba komi, Yaya." Tijjani ma sai haƙuri yake ba da wa, wai shi ya kamata ya lura. Na ce masa wanda ya fi shi ma sai da aka ba shi labarin buhu.

Amma Baffa ya ce makulli na nan wajensa har sai mota ta je ta dawo ta tsaya, kuma ban ga laifinsa ba. Ga sabon zare, ya fi na farko da kusan taƙina guda. Aya ta fara ja, bai fi mako biyar a fara haƙa ba.

Ɗiyarka mai kunya,
Nasira

Kaduna, 24 ga Satumba

Nasira,

Muna lafiya, da fatan kuna haka. Takardarki mai zafi ta iso, ban sa ta a murhu ba. Na ba Hadiza ta karanta ta ga irin ɗiyar da ake so mutum ya haifa. Wanda aka zaga don an tsaya wa uba bai yi asara ba. Ni ma ihun da na yi miki a waya ba wayo a cikinsa.

Tiyo mai wannan tsawo da irin waɗannan kawuna babu shi a kasuwa. Na kai wa masu haɗa na manyan motoci, aka yanka robar birki ta gaske, aka matse kawunan da inji a gabana, aka gwada shi da matsin da ya fi ƙarfin ƙafar mahaifinki sau goma. Na ƙara yatsa biyu a kan zarenki. Guda biyu ne, ɗaya a ajiye. In an ɗaura a duba sau biyu, tana reto kada ya ɗame, tana da lodi kada ya gogi taya ko salansa.

Ina jiran labari. Kada ki bar ni da zulumi, na tsufa da shi.

Kawunki,
Na'Allah

Gangara, 26 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Na'Allah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Hadiza, ina yi muku addu'ar da ba ta yankewa. Mu lafiya, an yi girbi, aya ta yi kyau bana. Ga tiya biyar nan wajen Malam Rabi'u, ka sa a yi maka kunu tunda haƙora ba sa taunawa.

An ɗaura, an duba yadda ka ce, ko'ina da sarari. Ranar kasuwar Gazawa Baffa ya kawo makulli da kansa, ya ce shi zai zauna gaba. Aka yi lodin buhu ashirin suka tafi. Ni ina aji, amma ban san abin da na koyar ba. Da yamma na je bakin famfo na tsaya, ashe rabin gari ya riga ni.

Baffa ya ba mu labari daga baya, wai da gangan Baba ya biyo tsohuwar hanya mai ramuka a dawowa, motar wayam tana ta tsalle. Muka hango ta ta shigo. Ta zo daidai katangar lambun nan da aka sake ginawa, ta tsaya cak. Mata suka ɗauki guɗa. Ni dai sai na zauna a kan jarkar wata.

Baba ya kashe mota ya fito. Na zaci zai sa makulli a aljihu. Sai ya zagayo ya kama hannun Baffa ya danƙa masa. Ya ce: "Yaya, riƙe. Ka ba Fahad, ya iya, ni zan nuna mashi halinta." Fahad babban ɗan Baffa ne, yana tuƙi a Maradi. Baffa ya ce: "Kai, wane irin zance ne wanga? Ai an wanke ka." Baba ya ce: "Shi ya sa. Tun bara idona na hagu ke ganin hazo, ban hwaɗa ma kowa ba. Na yi niyyar in an gama aya in sauka da ƙafata, sai abin nan ya faru. Da na sauka sannan, da an ce gaskiyarku ce."

Kawu, na ji haushi, na ji tausayi, duka lokaci guda. Wata biyar ina faɗa da gari don a mayar masa da makulli, ashe shi ba makullin yake nema ba. Motar ba za a sayar ba. Mako mai zuwa zan kai shi Maradi a duba idon, an ce irinsa ana wankewa. Ya koma fita wajen abokansa, yana cin tuwo har yana neman ƙari. Wannan duka a hannunka Allah ya kawo mana, kuma ba ni da abin biyanka sai addu'a.

Da zan rufe takardar na tambaye shi ko yana da saƙo zuwa ga taubashinsa. Na gyara biro ina jiran tsiya, don na san akwai ramuwar jaki a bakinsa. Sai ya ce: "Rubuta mashi, na taka ta tsaya."

Na ce sai me kuma?

Ya ce: "Shi ke nan. Bakanike ne, ya san sauran."

Ɗiyarka har kullum,
Nasira